Ruwan da ke tsiyaya a ɓoye cikin gidajenmu

Malam Edita,

Mu masu gyaran famfo ne a Marwa. Magidanta da yawa suna kukan tsadar takardar kamfanin ruwa na Camwater, alhali ruwan yana zuba ne a ƙarƙashin gidajensu.

Gwajin ba wuya. A rufe dukkan famfuna, har da mai cika tanki, a rubuta lambar mita, a dawo bayan awa biyu. In lambar ta motsa, akwai yoyo. Ɗigo ɗaya kowace daƙiƙa kusan lita 20 ne a rana.

Tankin masai aka fi mantawa da shi. A zuba bula a ciki, a jira minti 15 ba a ja ruwa ba. In shuɗi ya sauko kwano, robar da ke ƙasan tankin ta mutu, sai sabuwa.

Ƙasar karal kuwa, wato ƙasar laka, tana tsagewa da rani, ta kumbura da damina, sai ta karya bututun PVC a mahaɗa. Alamarsa danshi a gindin bango, fenti yana ɓarewa, ko gara. Ɗaure wurin da robar taya ɓata lokaci ne. A yanke tsagin, a goge, a busar, a shafa gam, a sa soket, wato guntun mahaɗin bututu, sannan a shimfiɗa yashi kafin a binne.

Masu gyaran famfo, Marwa