Mutumina, ka rubuta musu a imel

Assalamu alaikum mutumina, ya Houston ya zafi, ya madam da yara? Mu nan Bronx lafiya lau sai godiya.

Na saurari saƙon muryarka har ƙarshe, wallahi raina ya ɓaci. Bel ɗin da ke jan kwalaye a siton da kake aiki an cire masa murfi an bar shi yana juyawa tsirara, ga kaya an jibge a bakin ƙofar gudun gobara, ga bayan mota kamar tanda da rana tsaka, sannan kana ce min ka faɗa wa sufabaiza sau nawa yana cewa za a duba? Haba malam. Maganar baki a sito iska ce, ranar da bel ya ci hannun wani, Allah ya kiyaye, zai ce shi ba wanda ya taɓa gaya masa.

Ka tura masa imel ka saka manaja a ciki, gajere kawai, wane bel, wane layi, wace rana, ƙarfe nawa, sannan ka ajiye kwafi a wajenka don ranar da suka rufe maka akawun ɗin kamfani shi ke nan ka rasa hujja. In an yarda ku shiga da waya ka ɗauki hoto.

In suka yi shiru sai ka kai OSHA, hukumar lafiyar ma'aikata ce ta ma'aikatar ƙwadago, tun dokar 1970 take, kuma ku a jihar Texas kai tsaye ƙarƙashin OSHA ta tarayya kuke. Ana cike ƙorafin ta intanet ko a kira waya, kuma kana iya cewa kar a ba kamfani sunanka. Wanda aka rubuta aka sa hannu shi ya fi sa su tako ƙafa su zo su gani da idonsu. Na san abin da ke ranka, tsoron kora, ga haya ga kuɗin da ake jira a gida duk wata. To doka ta hana a kore ka ko a rage maka awanni saboda ka yi magana, amma fa ka riƙe wannan da kyau, in suka yi maka haka kwana 30 kacal gare ka ka shigar da ƙara, ka tsaya haƙuri da sai Allah ya saka min har wata ya wuce, an rufe ƙofa.

Batun zafi kuma, ai ka tuna 2023 da ma'aikatan kamfanin kai kaya na UPS wajen 340,000 suka kusa tafiya yajin aiki, ƙungiyarsu ta ƙwadago, Teamsters, ta matsa sai da aka yarda motocin da za a saya daga 2024 su zo da AC. Su suna da ƙungiya, ku ba ku da ita, shi ya sa nake so ka nemi mutum biyu uku a layinku su ma su rubuta.

Wani abu, a Texas ba dole ba ne kamfani ya yi inshorar raunin aiki, ka tambayi ofis ko naku yana da ita. Bayanka da ka ce yana maka ciwo tun da ka ɗaga kwalin nan kai kaɗai, ka kai rahoto gobe-goben nan a rubuta, kar ka tsaya shafa man zafi.

Ka turo min imel ɗin in duba maka turancin kafin ka aika. Gaida madam.

Naka na Bronx