Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Majalisar Lardin Surrey, Kansila Tim Oliver

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka ne a kan kwamitocin yankuna da majalisarku ta lardi ta daɗe tana gudanarwa tare da majalisun gundumomi 11 na Surrey a Ingila kafin a rufe su, da abin da zai maye gurbinsu yanzu da ake shirin rushe majalisar lardin da na gundumomin gaba ɗaya. Roƙona ɗaya ne: kada a miƙa mulki ga sababbin majalisu sai an rubuta ƙa'idojin da za su ba kwamitocin yankuna iko na gaske, an kuma wallafa su kowa ya gani.

Dokar Ƙananan Hukumomi ta 1972, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu 1974, ita ta raba aiki gida biyu. Tituna, makarantu, kula da yara da tsofaffi da ɗakunan karatu suna hannun lardi. Gidajen haya na hukuma, izinin gini, karɓar harajin gida da kwashe shara suna hannun gunduma. Ko sharar ma an raba ta: gunduma ke kwashewa daga ƙofar gida, lardi ke zubarwa. A takarda rabon ya fita tsaf, amma matsalar talaka ba ta bin layin takarda. Ɗauki batun ajiye mota ranar Juma'a kusa da Masallacin Shah Jahan na Woking, wanda aka gina a 1889. Layin da aka shafa a gefen titi yana hana tsayawa, ikon lardi ne. Filin ajiye motoci na gari, ikon gunduma ne. Masallata da maƙwabtansu kuwa damuwarsu guda ce, kuma ba ruwansu da wane ofishi ne ya shafa fenti.

Wannan giɓin kwamitocin yankuna suka cike. A da, kowace gunduma tana da nata, inda kansilolin lardi na yankin ke zama da kansilolin gunduma masu yawa daidai da nasu, a teburi ɗaya, a bainar jama'a. A 2014 Woking ta ƙara gaba, aka kafa mata kwamitin haɗin gwiwa wanda majalisun biyu duk suka miƙa wa wasu ayyukansu, kamar yadda sashe na 101 da na 102 na dokar 1972 suka yarda. Daga baya Spelthorne da Runnymede da Guildford suka bi sahu.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne ƙa'idojin da ake bugawa a lokacin a shafin farko na ajandar kowane zama. Duk wanda ke zaune, ko aiki, ko karatu a Surrey, idan ya tara sa hannun mutum 30 a takardar koke, ya miƙa ta makonni 2 kafin zama, za a ba shi minti 3 ya tsaya gaban kwamiti ya faɗi damuwarsa. Mai tambaya kuma ya aiko ta a rubuce kwanakin aiki 4 kafin zama, a amsa masa. Wani zai raina minti 3. Amma ka duba abin da ke cikinsu: uwar da ke tsoron tsallakar da 'ya'yanta titi zuwa makaranta tana magana, kansilan lardi na jinta, kansilan gunduma na jinta, jami'in tituna na zaune, sakatare na rubutawa. Ba wanda zai ce mata "ba mu ne da wannan ba, ki je can," domin mutanen can ɗin ma suna cikin ɗakin. Ga baƙo musamman, wanda bai tashi a ƙasar ba, bai san kowa a ofis ba, Turancinsa ma da sauran gyara, ƙa'idar da aka rubuta ita ce gatansa. Mai hanya yana da lambar wayar da zai kira. Marar hanya sai abin da doka ta ba shi.

A 2022 majalisarku ta janye ayyukan tituna daga waɗannan kwamitoci, ta mayar da shawarar ƙananan ayyuka hannun kowane kansila da jami'ai, sannan aka rufe kwamitocin. Na san hujjar da aka kawo, kuma ba hujjar banza ba ce. Zaman da ake yi jefi-jefi a shekara yana jinkirta aikin da mutum ɗaya zai iya sa wa hannu cikin mako guda. Sai dai saurin ya zo da tsadarsa. Shawarar da kansila ya yanke shi da jami'i, ko da daidai ce, ba a yanke ta a gaban mutane ba, kuma wanda aka ƙi buƙatarsa bai ji dalili daga bakin masu jefa ƙuri'a ba.

Yanzu ga babban sauyi. Bayan takardar manufa da gwamnatin Birtaniya ta fitar a Disamba 2024, an ɗage zaɓen lardin na Mayu 2025, sannan a Oktoba 2025 aka sanar cewa majalisu biyu ne za su gaji duka 12: Surrey ta Gabas da Surrey ta Yamma, su fara aiki a Afrilu 2027. Kowacce za ta ɗauki mutane fiye da rabin miliyan. Ta Yamma kaɗai za ta haɗa Woking, Guildford, Waverley, Surrey Heath, Runnymede da Spelthorne. Haɗa aiki a hannu ɗaya zai kashe cutar "je ka can", wannan na yarda. Amma idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Mutumin Staines ta Spelthorne da mutumin Haslemere ta Waverley ba hanya ɗaya suke bi ba, ba kasuwa ɗaya suke ci ba, kuma babban zauren majalisa ba zai taɓa samun lokacin ramin titin unguwarsu ba.

Na san kun fara gwajin kwamitocin unguwanni a 2025, kuma na yaba. Abin da nake tsoro shi ne su tsaya a zaman jin ra'ayi, a sha shayi, a rubuta shawara, a aika sama. Duk kwamitin da ba ya yanke hukunci, mutane za su halarce shi sau ɗaya ko biyu su daina. Don haka a fayyace a kundin tsarin kowace sabuwar majalisa ayyukan da kwamitin yanki zai yanke da kansa, kamar mashigar masu tafiya a ƙasa, rage gudun motoci da tallafin ƙungiyoyin matasa, a kuma ware masa kuɗinsa a kasafin shekara. Wiltshire, wani lardin Ingila, ta yi haka da ta koma majalisa ɗaya a 2009, ta kafa hukumomin yankuna 18 masu riƙe da kuɗin tallafi, don haka ba sabuwar hanya za ku sare ba.

A fayyace kuma wa ke da ƙuri'a. 'Yan sanda, ma'aikatan lafiya da ƙungiyoyin sa kai su zauna su yi magana, amma kashe kuɗin jama'a ya tsaya a hannun wanda jama'a za su iya saukewa a zaɓe. A wallafa ajanda cikakkun kwanaki 5 kafin zama kamar yadda doka ta wajabta wa sauran kwamitoci, mai wata maslaha a batu ya bayyana ta ya fita. Mu mutanen Woking ba ma ɗaukar wannan da wasa. A Yuni 2023 majalisar gundumarmu ta shelanta cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba, da bashin da ya kai kusan fam biliyan 2 a wuyanta, kuma mun ga abin da ke biyo baya idan manyan shawarwari suka wuce ba tare da isassun idanu a kansu ba.

Sai haƙƙin koke. A dawo da shi yadda yake, sa hannu 30 da minti 3, a ƙara da wa'adin amsa a rubuce. A riƙa zaman da yamma bayan an tashi aiki, ana zagayawa da shi unguwa-unguwa, domin direban bas da mai kula da tsofaffi ba za su samu zuwa da ƙarfe goman safe ba.

Ranka ya daɗe, majalisarka ce ke riƙe da bayanan zaman tsofaffin kwamitocin da ƙa'idojinsu, kuma tana cikin masu shirya miƙa mulki. Ina roƙonka ka sa a fitar da daftarin ƙa'idojin kwamitocin yankuna, a ba mazauna lardin lokaci su karanta su yi gyara, kafin Afrilu 2027.

Naka cikin girmamawa,
Wani mazaunin Woking