Maganar yaronka da kyamara

Salam mutumina, ya Fatakwal, ya fama da ruwan saman ku da ba ya ƙarewa? Ya maman yara? Mu nan Zariya lafiya lau, sai hazo da ya sako mu gaba.

Na ga saƙonka kan babban yaronka, wai shi fim zai yi, kai kuma duk hankalinka ya tashi. To ai ka san yadda na fara, tun muna Tudun Wada nake yawo da kyamarar Yashica a wuya, fim ɗin da ake sa mata guda ɗaya hoto 36 ne kacal, in ka ɓata ɗaya kuɗinka ne ya tafi, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai ka kai wanki Sabon Gari ka koma karɓa gabanka na faɗuwa. Akwai wani bikin kamu da mai wanki ya ƙona min nagatif ɗinsa kaf, wallahi wata guda ban bi ta layin gidan amaryar nan ba. Amma tsoron nan ne ya koya min jira. Ranar Hawan Daushe sai in kafe a ƙofar fada, in bar dawakan jafi su taso da ƙurarsu har su ja linzami gaban Sarki, sannan in danna, sau ɗaya tak. Yaran yanzu sai su danna ɗari uku su rasa na kirki.

Bidiyo daga baya na shige shi, bayan fim ɗin Hausa Turmin Danya ya fito a Kano a 1990 aka fara rububin kyamarar kaset. Yau waya ta cinye mana rabin kasuwa, abin da ke riƙe ni bukukuwa ne da ɗan aikin ƙungiyoyi, editin kuma sai tsakar dare in NEPA ta ga dama. Kuma ka gaya masa ba albashi, da azumi sai mu yi wata cur ba biki, bayan sallah kuma ko barci babu.

In takarda yake so akwai makarantar fim ta gwamnati a Jos, ga kuma sashen wasan kwaikwayo a ABU nan Samaru. Amma kafin ka kashe ko sisi turo min shi hutun nan, zan ba shi tsohuwar Canon ɗina ya zaga daga Ƙofar Doka zuwa kasuwar birni, sharaɗi ɗaya, kar ya wuce hoto 36 a rana. Sati biyu ya isa in gane ko yana da ido ko gayu ne kawai.

Ka ce ya taho da rigar sanyi. A gaida mutanen gida.