Kafin Su Buɗe Littafi

Damagaram, daren Alhamis

Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ƴan ajinki. Saƙonki ya iso, na kuma ji kukanki: yaran CE2, wato aji huɗu na firamare, suna karanta shafi tiryan-tiryan, amma da kin tambaye su me aka ce sai su yi tsuru-tsuru.

Ni ma na sha wannan kunyar. A shekarata ta biyu da fara koyarwa, a wani ƙauye bayan Mirriya, mai duba makarantu ya zo, yarana suka rera masa darasin teku da Faransanci kamar tilawa. Ya tambayi wani yaro da Hausa ko mene ne "la mer", wato teku, yaron ya ce uwa ce, don ya ɗauka "la mère" aka ce. Laifina ne. Na ba su littafi alhali ko kogi ba su taɓa gani ba.

Ba a shuka sai an yi sharar gona. Minti 10 na farko, littafi ya zauna a rufe. Ki rubuta kan darasin a allo, ki tambaye su da Hausa abin da suka sani. In teku ne, ki fara da tabkin da suke iyo a ciki da damina, sannan ki ce ga wani wanda ba a hango gaɓarsa, ruwansa kuma gishiri ne. In tarihi ne, wa ya taɓa zuwa Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ya ga fada? Daga nan sai ki kai su ga Sarki Tanimun da ganuwarsa, da yadda Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926.

Sai hoto. Su duba, su yi hasashen abin da zai faru, ke kuma ki rubuta a gefen allo, har da na shirmen. Kada ki yi wa kowa dariya, musamman ƴan matan layin baya. Yaro in ya yi hasashe, ɗokin ganin ko ya canka shi ke jan sa cikin karatun.

Kalmomi masu wuya uku ko huɗu sun isa. Ashirin azaba ce. Ki ba su tambaya ɗaya da za su nemo amsarta, sannan ki ce a buɗe.

Ajin zai yi hayaniya, ki sanar da shugaban makarantarku tun da wuri.

Innarki na gaishe ki, ta ba direba kilishi ya kawo miki ran Lahadi. Ki rubuto mini abin da naki yaran suka ce teku ne.

Mahaifinki