Daga shagon gyaran firij zuwa ƙasar ƙanƙara

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni mai gyaran firij ne a Kano, na haura shekara 30 a sana'ar. Da na fara koyo, gas ɗin R12 muke ɗurawa, kuma in za mu canza kwamfiresa sai mu saki tsohon gas ya bi iska, babu mai ce mana kanzil. Sannu a hankali R12 ya yi tsada har ya ɓace a kasuwa, muka koma R134a, yau ga R600a. Na daɗe ina zaton dabarar kamfanoni ce ta tatsar talaka. Sai da 'yata ta shiga jami'a ta warware mini zare da abawa, na gane ashe tushen maganar yana can Antaktika, ƙarshen duniya ta kudu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda aka gano ɓarnar da irin wannan gas ya yi wa iskar ozon a sararin sama, domin kowace ƙasa da irin halinta ta shiga aikin.

Turawan Ingila mutanen naci ne. Tun zamanin shekarar binciken duniya ta 1957 zuwa 1958 suke auna ozon, iskar nan da ke tare mana zafin hasken rana mai ƙona fata, a tasharsu ta Halley da ke Antaktika. Na'urar ma tsohuwar ƙira ce, wadda Gordon Dobson na Oxford ya fito da ita tun shekarun 1920. Shekara da shekaru mutum na fita cikin sanyi yana rubuta lamba a littafi. Da lambobin watan Oktoba suka riƙa faɗuwa, sai da suka fara zargin na'urar tasu, suka kawo wata, ita ma ta faɗi haka. A 1985 Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin suka bayyana wa duniya. Wannan ya burge ni, don mu ma in geji ya nuna abin da ba ka yarda da shi ba, ka ari na maƙwabci kafin ka kwance firij ɗin mutane.

Ba su kaɗai ba ne. Wani Bajapane, Shigeru Chubachi, ya ga raguwar a tashar Syowa, ya kuma gabatar da ita a taro a 1984, sai dai ba ta yi amo ba. Su kuwa Amurkawa, masu son babban kayan aiki, tauraron ɗan'adam gare su, Nimbus-7, yana leƙo nahiyar duka daga sama. Amma lambobin sun yi ƙasa ƙwarai har kwamfuta ta ware su a matsayin abin shakka. Da aka koma kansu, sai ga hoton rami mai faɗin nahiya a cikin ozon. A 1986 Susan Solomon ta jagoranci tawaga zuwa tashar McMurdo, aikinsu ya nuna sinadarin kulorin da ke fita daga irin gas ɗinmu na R12 ne ke cin ozon. A watan Satumba na 1987 aka sa hannu kan yarjejeniyar Montreal, daga baya aka ba ƙasashe masu tasowa wa'adin 2010 su daina amfani da irin wannan gas. Ta nan abin ya iso shagona.

Mai littafi ba ya ganin faɗin ramin, mai tauraro kuma bai yarda da idonsa ba sai da mai littafi ya yi magana. Abin da ya ba su damar duba aikin juna shi ne yarjejeniyar Antaktika ta 1959, wadda ƙasashe 12 suka sa wa hannu, har da Amurka da Tarayyar Sobiyat ana tsakiyar yaƙin cacar baka. Ta hana aikin soja a nahiyar, ta kuma wajabta musayar sakamakon bincike. Afirka ta Kudu ce kaɗai daga nahiyarmu a cikinsu.

Yanzu ga abin da ke damuna. A can Aktik, ƙarshen duniya ta arewa, daga 2019 zuwa 2020, jirgin ruwan Jamus mai suna Polarstern ya shafe kusan shekara yana bincike a cikin ƙanƙarar teku, jiragen Rasha masu fasa ƙanƙara suna kai masa mutane da guzuri. A watan Maris na 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukren, ƙasashe bakwai daga cikin takwas na Majalisar Aktik, wato zauren haɗin gwiwar ƙasashen yankin, suka dakatar da aiki da Rasha, alhali kusan rabin gaɓar tekun tata ce, kuma a yankinta na Saiberiya ne mafi yawan ƙasar da ta daɗe a daskare, wadda yanzu ke narkewa, take. Daga baya an ɗan dawo da wasu ayyukan, amma ba kamar da ba. Ba ina wanke kowa game da yaƙin ba ne. Awon da ba a yi bana ba dai, ba a komawa a yi shi baɗi.

Don Allah, Malam Edita, jaridarku ta riƙa kawo mana labarin wannan dambarwa da Hausa, ko da sau ɗaya a wata. Yaran shagona biyu sun iya karatu, zan riƙa ajiye musu shafin.

Naku,
Mai gyaran firij, daga Kano