Babana, kada ka ɗora lambun nan a kan bashi

Assalamu alaikum Babana,

Da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Na kira wayarka ba ka ɗauka ba, toh dama maganar nan ba ta waya ba ce, don in muna magana sai ka yi ta ce min "to Baba, to Baba" alhali hankalinka yana wani wuri, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta ka karanta a tsanake.

Na ji ka karɓi lambun Baffanka na Kadawa, Allah ya jiƙansa. Na ji daɗi wallahi, tunda ya rasu wurin nan yake hannun 'yan aro kuma kai ma ka san aro ba ya gyara ƙasa. Amma abin da Gwaggonka ta faɗa min bayan wannan shi ya hana ni barci, wai ka yi magana da wani dillali zai ba ka iri da taki da magani da kuɗin 'yan ƙwadago, ka cika fili duka da tumatir, in an tsinka ka sayar masa, wai har ya ce ka kawo takardar gonar ya riƙe. In ƙarya ce alhamdulillah, in gaskiya ce to ka tsaya ka ji ni.

Kai fa ba ka taɓa riƙe lambu ba. Rakiyar da kake mana kana yaro kana kora tsuntsaye ba ita ce noman rani ba. Kafin ka sayi ko ƙwayar iri ɗaya ka je ka zaga filin da ƙafarka, ka ɗauki mai unguwa da maƙwabtan gona su nuna maka iyaka a gaban juna, don shekarun aro suna cin iyaka. Ka tambaya ko kana kusa da bakin hanyar ruwa ne ko a wutsiya. Ruwan nan daga dam ɗin Tiga yake tahowa, wanda aka gama tun 1974, hukumar Hadeja-Jama'are ke kula da shi, amma mai gona a wutsiya sai na gaba sun ƙoshi yake gani, kuma in ciyawar kachalla ta toshe hanyar ruwan sai dai ka koma inji da fetur, wannan kuɗi ne da na tabbata ba ka sa a lissafinka ba. Ka shiga ƙungiyar masu ban ruwa ta ɓangarenku ka san ranar da ake sakar muku.

Sannan ka duƙa ka dubi ƙasar. Inda ka ga fari-fari ya kwanta a sama bayan ruwa ya bushe, gishiri ne, dashe ba ya jin daɗin wurin. Ka sa fartanya ka tono, in ka ga jiji da kiri-kiri to ka san akwai aiki, su ba a sare su a sama, sai an bi saiwar an tsince an kwashe, in ka bar ɗan guntu nan da mako biyu ya dawo. Ka tambayi wanda ya yi aro me ya shuka bara da waccan. In tumatir ne ko tattasai ko attaruhu ko gauta, duk dangi ɗaya ne, cutar wannan ita ce ta wancan, tana nan kwance a ƙasa tana jira. Ka tuge tsohon kututture ɗaya ka ga saiwarsa, in ta yi ƙullutu-ƙullutu kada ka maida tumatir nan bana ko wa ya ce maka. Kuma ka daidaita fangali da kyau, ka saki ruwa ka tsaya ka kalla, inda ya kwanta ya ƙi tafiya da inda bai kai ba duk za su nuna kansu. Takin gida wanda ya ruɓe za ka zuba, ɗanye yana ƙona dashe. NPK da yuriya su zo daga baya, daidai ƙarfinka.

Duk waɗannan ana koya, ko ka yi kuskure damina da rani suna sake zagayowa. Bashin nan shi ne abin da nake tsoro.

Babana tumatir ba ya jira. Ranar da ya nuna ranar za ka tsinka, ko kasuwa ta yi kyau ko ba ta yi ba. Kowa a Kura da Bunkure da Garun Malam lokaci ɗaya yake dashe in sanyi ya fara shigowa, lokaci ɗaya kuma yake tsinka, ka je kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan wajen Fabrairu zuwa Maris ka ga kwanduna jere har ido ya gaji, motocin Legas sun cika sun tafi kasuwar Mile 12 ga saura a rana yana zubar da ruwa, mai kaya yana tsaye yana roƙon a saya ko nawa ne don kar ya biya kuɗin mota ya koma da shi. Wasu sai su yanka su shanya kauɗa a bakin titi. A wannan ranar dillalin da ya ba ka kuɗi shi zai faɗi farashi, kai kuma bakinka a rufe don ka riga ka ci. In kuma ka ce za ka makara don ka samu tsada, to ka shiga zafi, zafi kuma lokacin sharon ne, tsutsar nan mai cinye tumatir. Ka manta 2016? Ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne fa, ya sa ƙwai a ganye, tsutsar ta shige cikin ganyen tana ci daga ciki ta yadda feshi ba ya kai mata sosai, cikin kwanaki gona kore shar ta koma kamar an bi ta da wuta. Kano, Jigawa, Katsina, har gwamnatin Kaduna sai da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a shekarar. Ta sake dawowa a 2023. Mutanen da suka yi shekara talatin a lambu sun zauna sun yi kuka, su da kuɗinsu suka yi asara suka tashi suka karkaɗe riga. Wanda ya yi da bashi fa? Da me zai biya?

Da gonar zai biya. Kuma kai ka fi kowa sanin yadda gonar bakin rafi ta fita daga gidan nan, ba sai na maimaita ba, har yau Innarka in za ta wuce wajen sai ta canza hanya. Ita ma ba a ce an sayar ba, jingina aka ce, shekara ɗaya aka ce.

Abin da ya fi ɓata min rai, ka zauna da bare ka ƙulla wannan magana ni ina raye, sai a bakin Gwaggonka zan ji? Takardar nan taka ce kai kaɗai? Ƙannenka mata da 'ya'yan marigayi duk suna da haƙƙi a ciki, amana aka ba ka don an ga kai ne mai ƙarfi a jika. Na san abin da kake cewa, wai Baba ya cika tsoro, wai da tsoron nan ne muka tsufa ba mu tara komai ba. To ban tara ba, amma da fangalin albasa da alayyafo na biya muku makaranta, ban taɓa ɓuya a ɗaki don wani yana sallama a ƙofa ba, kuma abin da aka bar min yana nan ban rage ko taki ɗaya ba. In ka kai takardar nan hannun wani, ban yafe ba. Na faɗa maka.

Toh. Ba wai ina so in kashe maka gwiwa ba ne, ni na fi kowa son in ga ka tsaya da ƙafarka, na san albashin ba ya kai ku ƙarshen wata kuma ga yara. Ga abin da nake gani. Bana ka noma rabi kawai ko ma ƙasa da haka, abin da aljihunka zai ɗauka. Gefen da ya fi samun ruwa ka sa alayyafo da latas, alayyafo wata ɗaya ka fara yanka, shi zai riƙa ba ka kuɗin fetur da na cefane. Kaso mafi girma ka ba albasa, renonta ya fi na tumatir daɗewa, wajen mako shida zuwa takwas kafin dashe, amma in ka cire ka busar da kyau za ka iya ajiye ta a rudu har farashi ya ɗaga, ba mai tsaya maka a ka. Tumatir kuma ban hana ka ba, ka yi 'yan fangaloli a inda ba a sa shi bara ba, reno mako uku zuwa huɗu, kuma kada ka yafa irin rana ɗaya, ka raba biyu da tazarar mako biyu don kar ya nuna maka gaba ɗaya. Ragowar filin in akwai hali ka sa alkama a tsakiyar Nuwamba, in babu ka bar shi, ba abin kunya ba ne. Ka nemi malamin gona na yankin kafin ka sayi magani, kuma in za ka yi feshi ka rufe hanci da baki ka sa dogon hannu, kada ka bar yara su bi ka ranar. Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta duk naira da ta fita.

Injin ban ruwana yana nan a zaure, tiyo ne kawai ya fashe, ka zo ka ɗauka. Innarka ta ce za ta sayar da tunkiya ɗaya ta ba ka kuɗin iri, kada ka ce a'a, ranta zai ɓaci. Ni kuma gwiwa ba ta bari na in duƙa amma ido yana gani, ka zo ranar Juma'a bayan masallaci ka ɗauke ni a mashin mu je mu zaga filin tare, ka taho da takardar in gan ta da idona. Shi kuma mutumin ka ba shi haƙuri cikin mutunci, ka ce mahaifinka bai amince ba, ka ɗora min laifin duka.

Allah ya yi maka albarka, ya sa wa abin albarka. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Mahaifinka.