Godiya ta musamman ga kamfanin akantocin da ya ɗauke mu a matsayin mutane

Assalamu alaikum jama'a. Ni ɗan kasuwar albasa ne a Mile 12, daga Aliero da Sakkwato muke ɗauko kaya mu sauke a nan Legas, kuma ba al'adata ba ce in hau intanet ina yabon wani ofis, amma wallahi abin da wani ƙaramin kamfanin akantoci da ke Ikeja ya yi min ya tsaya min a rai, na ga in na yi shiru ban kyauta ba. Yaba kyauta tukuici. Ban nemi izininsu na saka suna ba shi ya sa ba zan faɗa ba, amma in sun ga wannan rubutun za su gane kansu.

Bari in fara da inda na fito don ku gane dalilin murnata. Da Allah ya buɗa min na fara kai albasa da busasshen barkono wasu otal-otal da manyan shaguna, sai suka ce ba za su ci gaba da biyan kuɗi a asusun mutum ɗaya ba, sai dai na kamfani. To muka je muka yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, aka buɗe asusun banki, aka karɓo lambar haraji, ni a zatona an gama. Ashe yanzu aka fara. Duk shekara sai an haɗa lissafin kamfani, odita ya duba ya sa hannu, a miƙa wa hukumar haraji cikin wata 6 bayan rufe shekarar kasuwanci, ga kuma harajin albashin yaran da ke ƙarƙashinka wanda shi na jiha ne, hukumar harajin jihar Legas wato LIRS ake kai wa, kuma bayanin shekara nasu ba ya wuce 31 ga Janairu. Duk wannan babu wanda ya zaunar da ni ya faɗa min a lokacin, sai dai a ce kawo kuɗi.

Waɗanda na fara faɗawa hannunsu kam Allah ya isa tsakanina da wasunsu. Za ka baro kasuwa da sassafe, ka bar tirela ana sauke kaya ba ka wurin, ka sha gosulo tun daga Ketu, ka isa ofis a bar ka zaune a benci kamar wanda ya zo maula, in an tashi kiranka kuma ba a tambayar sunanka, aboki kawai, ko malam zo nan. Mutum da furfurarsa, yarinyar da ba ta kai 'yarsa ta uku ba tana miƙo masa takarda da hannun hagu idonta na kan waya. Amma abin da ya fi ƙona min rai shi ne littafinmu. Malamin da ke riƙe min lissafi a rumfa almajiri ne, da ajami yake rubutu, kowane buhu da ya sauka, kuɗin mota, kuɗin lebura, la'adar dillali, wanda ya ɗauki bashi da ranar da ya biya, komai yana ciki tsaf, shekara da shekaru. Na kai wa wani akanta wannan littafin, ya buɗe ya kalla ya tura min abina da ɗan yatsa wai wannan ba lissafi ba ne, littafin addu'a ne. Alhali ajamin nan yana jikin takardar naira 200 da 500 da 1000 da ke aljihunsa. Ƙarshe dai ya zauna ya ƙirƙiro wasu lambobi daga kansa, lissafin dokin Rano, ya ce in sa hannu, ni kuwa na ce ba zan sa hannu a kan abin da ban san daga ina ya fito ba, kuɗin da na ba shi kuma har yau shiru.

Wani abokin kasuwancina mai kawo tumatir ne ya ce in gwada waɗannan na Ikeja. Na je ba da wani ɗoki ba gaskiya. Abin da na fara gani a wajen zaman baƙi wani farin allo ne an rubuta karin magana da Yarbanci da Ibo da Hausa, na Hausar kuwa cewa aka yi ba a fafe gora ranar tafiya, a ƙasa kuma an sa ranar ƙarshe ta miƙa takardun haraji. Sai da na yi dariya ni kaɗai, don ban taɓa ganin sanarwar da ta shige ni kamar wannan ba. Daga baya na ji ashe tsarinsu ne, duk Litinin kafin a fara aiki ma'aikaci ɗaya ke kawo karin maganar garinsu ya yi bayaninta, tun daga oga har direba da mai shara kowa da makonsa, sai a rubuta ta zauna a allon har mako ya zagayo. Ran Juma'a kuma kowa da kayan gargajiyarsa yake zuwa, mai ashoke da gwaggwaro, mai jar hula, mai babbar riga da zanna.

Wadda nake so in fi yi wa godiya wata baiwar Allah ce Bayarabiya, babbar akanta ce a wurin, a Sabon Garin Kano aka haife ta ta yi makaranta a can, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Tana fitowa ta ɗan rusuna ta ce Baba sannu da zuwa, ya hanya, ya kasuwa, ya ka baro mutanen gida. Wallahi sai na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Na ciro littafin ina ɗari-ɗari saboda abin da ya faru a baya, ta karɓa da hannu biyu, ta ce ita ba ta iya karanta ajami ba amma akwai wani yaronsu ɗan Zariya da ke koyon aiki, ya yi allo. Aka kira shi. Yaron nan ya ja kujera kusa da ni yana bin layi da bayan biro yana karantowa, buhu kaza daga Aliero ranar kaza, kuɗin mota kaza, ita kuma tana shigarwa a kwamfuta tana haɗawa da takardar banki, in sun zo wurin da malamina ya yi wata alama tasa sai a buga masa waya a tambaye shi. Da suka iso shafin da yake rubuta albasar da ta ruɓe a hanya lokacin damina, ta ɗago ta ce Baba wannan malamin naka akanta ne, mutane da yawa masu digiri ba sa rubuta asara haka da kwanan wata. Da na koma rumfa na faɗa masa, bawan Allah sai da idonsa ya kawo ruwa, shekarunsa nawa yana wannan aikin ba wanda ya taɓa ce masa sannu in ba ni ba.

Ita ce kuma ta warware min wani abu da ya daɗe yana cina. Otal ɗin da nake kai wa kaya in za su biya sai sun yanke wani kaso, ni duk a tunanina kuɗi ne ya tafi. Ta ce a'a Baba, wannan kamar kafin alƙalami ne ka bayar na harajinka, suna miƙa wa hukuma da sunan kamfaninka, akwai shaidarsa, in an zo lissafin ƙarshen shekara sai a cire maka daga abin da ake binka. Ta kuma nuna min cewa ɗanyen kayan abinci irin namu ba ya cikin abin da ake ɗora wa harajin VAT na kashi 7.5 ɗin nan da aka fara tun 2020, wanda wancan akantan na baya ya so ya lissafa min. Rashin sani ya fi dare duhu, haka ta ce, kuma ba da sigar gori ta faɗa ba. Sauran aikin suka yi shi yadda ya kamata, aka miƙa takardu, shaidar biyan haraji ta fito, suka ba ni rasit na kowane kwabo.

A watan Agusta kuma sai ga saƙo wai suna gayyatar kwastomominsu walimar al'adu, sun saka ta daidai da Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga wata. Na ɗebi yarana biyu muka je. An yi masa da miyar taushe, ga amala, ga kilishi da wani ya kawo daga Agege, amma abin da ya fi armashi wasan ƙarasa karin magana ne, wani ya faro rabi wani ya ƙarasa. Wani saurayi Inyamuri ya kawo tasu da ke cewa yawa shi ne ƙarfi, ɗan Zariyan nan ya ce ai mu ma muna da ita, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Da aka zo kaina na ce abin nema ya samu, aka yi tsit, sai ga muryar Bayarabiyar nan daga baya, matar falke ta haifi jaki! Wurin ya kaure da tafi. Ogan nasu dattijo ne mai sanyin magana, ya ce su a wurinsu karin magana dokin zance ne, in zance ya ɓata da shi ake nemo shi, kuma ya fara wannan tsarin ne don yaransa su daina jin kunyar harshen iyayensu a ofis.

Ni abin da na fahimta, wanda aka koya wa mutunta maganar kakansa ba zai wulaƙanta littafin kakan wani ba, kuma nan ne sauran ofisoshin garin nan suka gaza. Hausawa ba jiya muka zo Ikko ba, fataken goro da na shanu suna nan tun da daɗewa, jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano tun 1912, ga Zangon Agege, ga Idi-Araba, ga Obalende, ga Alaba Rago, da yawa daga abin da ake dafawa a garin nan ta hannunmu yake biyowa. Amma ka shiga banki ko asibiti ko ofishin inshora, ba za ka samu ko mutum ɗaya da aka ajiye don ya saurari wanda Turanci bai zauna masa ba, sai dai a kira maigadi ya yi tafinta a kan maganar miliyoyi, sirrin kasuwancinka duk a kunnen wanda ba ruwansa. Majalisar dokokin jihar nan tana zama da Yarbanci ran Alhamis, har doka suka yi a 2018 don kare harshensu, kuma ni ina jinjina musu a kan haka. Mu kuma namu 'yan bokon da ke aiki a irin waɗannan wurare, wasunsu in suka ga ɗan uwansu da hula da carbi sai su juya harshe kamar ba su taɓa jin Hausa ba, wannan ya fi komai ciwo.

Roƙona gare ku mutanen wannan kamfani, tunda sababbin dokokin harajin da aka sa wa hannu a Yunin 2025 sun sauya abubuwa da yawa har da sunan hukumar haraji ta tarayya, mutanenmu a kasuwa suna cikin ruɗani, kowa da abin da yake ji a WhatsApp. Dan Allah ku ware rana ɗaya ku zo Mile 12 da 'yar Kanon nan da ɗan Zariya ku yi mana bayani da Hausa, na riga na yi magana da wasu shugabannin layinmu, wurin zama da shayi a wuyanmu. Allah ya ƙara buɗi, ya albarkaci zuri'arku, shi kuma yaron Allah ya ba shi sa'ar jarabawar ICAN, ta zama ƙwararren akanta, da yake shirin zanawa.

Naku,
Wani ɗan kasuwar albasa, Mile 12, Legas